Darasi Na Goma Sha Bakwai: Allurar Wata Tara

Jama'a, karatunmu na yau a kan ƙyanda ne, da allurar da a ke yi wa yara don a tsare su daga gare ta. Waɗansu suna kiranta baƙon dauro. Ba sai mun gaya muku ko mece ce ita ba. Duk wanda ke zaune a ajin nan ya san ta. Akwai wanda ya yi ta yana ƙarami. Akwai wanda ya kwana zaune yana yi wa ɗansa fifita. Akwai kuma wanda ya naɗe ƙaramar gawa a tabarma ya kai ta makwanci. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, amin.

Kuna iya cewa, me ya haɗa ajin Yaƙi da Jahilci da maganar allura? Ai wannan aikin malaman asibiti ne. To, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. A rangadin da mu ke yi na duba azuzuwa mun lura da wani abu. Da yawa cikin yaran da ba a yi wa allurar nan ba, ba ƙi iyayensu suka yi ba. Ranar ce ta zo ta wuce ba wanda ya sani. A rubuce ta ke a jikin kati, katin kuwa yana can ƙasan adaka, ba mai karanta shi.

YADDA TA KE KAMA YARO

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ƙyanda, ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta. A iska ta ke tafiya. In mai ciwon ya yi tari ko atishawa, sai ƙwayoyin su fita su cika ɗaki. Ko ya tashi ya bar ɗakin, suna iya zama cikin iskar har awa 2. Wanda ya shigo ya shaƙa, ya ɗauka ke nan. Likitoci sun ce in mutum 10 suka zauna da mai ƙyanda, ba su taɓa yin ta ba, ba a kuwa yi musu allura ba, to 9 za su kamu. Cikin cututtukan da aka sani, kaɗan ne suka kai ta saurin yaɗuwa.

Ba ta nuna kanta nan da nan. Yaro zai yi kamar kwana 10 ko fiye yana wasansa lafiya lau. Sa'an nan masassara mai zafi ta zo, da tari, da majina, ido ya yi ja yana hawaye. In an duba cikin kumatu a kan ga waɗansu 'yan ɗigo-ɗigo farare kamar gishiri. Bayan kwana 3 ko 4 sai ƙuraje su feso. Su kan fara daga fuska da bayan kunne, su gangara ƙirji da ciki, har hannu da ƙafa. Ga inda wuyar ta ke: tun kwana 4 kafin ƙurajen su fito yaron yana rarraba ciwon, yana kuma ci gaba har kwana 4 bayan sun fito. Watau kafin uwa ta gane baƙo ya sauka, ya riga ya zaga gidan biki, da makarantar allo, da bakin rijiya.

Ba ƙurajen ne ke kisa ba. Abin da ke biyo bayansu shi ne abin tsoro. Ciwon kan sauka a huhu, yaro ya riƙa numfashi sama-sama, haƙarƙari yana lotsawa. Ya kan kawo zawo mai ƙarar da ruwan jiki. Ya kan sa kunne ya yi mugunya har yaro ya kurumce. Ya kan ci ido. Akwai makafi da yawa a ƙasarmu waɗanda aka haife su da idonsu garau, ƙyanda ce ta tafi da shi. Wani lokaci kuma ta taɓa ƙwaƙwalwa. Har wa yau, masu bincike sun gano cewa tana sa jiki ya manta da yadda ya saba yaƙar waɗansu cututtuka. Shi ya sa za ku ga yaro ya tashi daga ƙyanda, amma daga wannan ciwo sai wancan, har wata da watanni. Ta fi yi wa ƙananan yara illa, waɗanda ba su kai shekara 5 ba, balle mai tamowa.

In ta riga ta shiga gida, kada a kulle yaro a ɗaki mai duhu a hana shi ruwa. A ci gaba da ba shi nono, da kunu, da ruwa mai tsabta. A goge masa jiki da ido da ruwa mai tsabta. Kada a ɗiga masa kome a ido in ba abin da likita ya bayar ba ne. A kai shi asibiti, a gaya wa malamin tun daga bakin ƙofa cewa ƙyanda a ke zato, don ya ware shi daga sauran yara. Can za a ba shi bitamin A, yau ɗaya gobe ɗaya, wanda ke tsare ido ya kuma rage mutuwa. Amma fa ku sani, har yanzu babu maganin da ke kashe ƙwayar ƙyanda kanta. Sai dai a tallafi jiki har ya ci ƙarfinta. Allura ce kaɗai ke tare mata hanya tun ba ta shigo ba.

INDA ALLURAR TA FITO

Tsohuwar cuta ce. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, wani babban likita Musulmi na ƙasar Farisa, Abubakar al-Razi, ya rubuta littafi yana bambanta ta da agana. Amma ba a kama ƙwayar ba sai a 1954, a birnin Boston na Amurka, a ɗakin binciken wani masani mai suna John Enders. A 1963 aka ba da izinin yin amfani da allurar. Nijeriya tana da hannu a cikin labarin. A farkon shekarun 1960 an gwada ta a Imesi-Ile, wani gari kusa da Ilesha a ƙasar Yarbawa, inda wani likitan yara Bature, David Morley, ya ga irin ɓarnar da ƙyanda ke yi. Kafin allurar ta wadata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙyanda tana kashe mutum wajen miliyan 2 da dubu 600 ko wace shekara. A 2023 an ƙiyasta waɗanda ta kashe 107,500 ne, yawancinsu ƙananan yara. An ragu ƙwarai, amma ba kaɗan ba ne.

Dattawan ajin nan za su tuna da lamba. Daga 1967 ma'aikata suka riƙa zagaya garuruwan Afirka ta Yamma da wata bindigar allura wadda a ke takawa da ƙafa. Kowa a yi masa lambar agana, ƙananan yara kuma a haɗa musu da allurar ƙyanda. Agana ta tafi ba ta dawo ba. A 1980 aka yi shelar ta ƙare a duniya duka. Ƙyanda kuwa ta lafa na ɗan lokaci, sa'an nan ta komo. Me ya sa? Domin ta fi agana saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, kuma ko wace rana ana haihuwa. Ma'aikatan sun wuce, jariran da aka haifa bayansu ba su sami kome ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

MU YI ƊAN LISSAFI

A Nijeriya ana yi wa yaro allurar ƙyanda sau 2. Ta fari in ya cika wata 9. Ta biyu in ya cika wata 15. Tun daga 2019 aka fara ƙara ta biyun. Kyauta ne a asibitin Gwamnati.

Me ya sa sai wata 9? Jariri ya kan fito da wata kāriya daga jinin uwarsa. In aka yi allurar da wuri ƙwarai, kāriyar nan ta kan hana ta kamawa sosai. In kuwa aka yi jinkiri, kāriyar ta ƙare, yaro ya zauna tsirara a gaban cuta. Me ya sa sai an yi ta biyu? Domin cikin yara 100 da aka yi wa a wata 9, wajen 15 ba ta kan kama jikinsu ba. Ta biyun ce ke kwashe yawancin waɗannan.

A 2018 Gwamnati ta yi wani babban bincike na lafiyar iyali, gida-gida, a duk jihohi. Aka duba yara masu shekara 1 zuwa 2. Aka tarar 54 cikin 100 ne suka sami allurar ƙyanda. A binciken 2013 kuwa 42 ne. An ci gaba, amma da sauran tafiya. Binciken na 2018 ya nuna 31 cikin 100 ne kurum suka kammala manyan alluran yara duka, 19 kuma ba a taɓa yi musu ko ɗaya ba. Ba kuma daidai abin ya ke a ko'ina ba. A Jihar Anambra yara 76 cikin 100 suka kammala. A Jihar Sakkwato 5 ne. Ba mu faɗi wannan don mu kunyata kowa ba. Mu ma 'yan Arewa ne, 'ya'yanmu ne a cikin lissafin.

Likitoci sun ce in ana so ƙyanda ta rasa wurin zama a gari, sai yara 95 cikin 100 sun sami allura sau 2. Ku ɗauki misalin gobara. In gari duk soraye ne, sai ɗakin ciyawa ɗaya can, ɗaya can, wuta in ta tashi ta kan tsaya inda ta fara. In kuwa rabin garin bukkoki ne, danni yana taɓa danni, iska ɗaya ta isa.

Yanzu ku ɗauki fensir. A ce a wani gari ana haihuwar yara 100 ko wace shekara. An yi wa 54 allura sau ɗaya. Saura nawa? 46. Cikin 54 ɗin nan kuma wajen 8 ba ta kama su ba. 46 a tara da 8, 54 ke nan. Watau ko wace shekara garin yana ajiye yara 54 waɗanda ba su da tsaro. Shekara 2, sun zama 108. Shekara 3, sun zama 162. Kamar mai tara ƙirare a gindin rumbu ne. Wata rana baƙo ya zo cin kasuwa da ɗansa mai tari, shi ke nan. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙyanda kan yi shiru shekara 2 ko 3, har mutane su ce ta tafi, sa'an nan ta auko gaba ɗaya. A ƙasarmu ta fi tashi da rani, daga hunturu zuwa bazara.

ME KE HANA YARO SAMUN ALLURA?

Mun tambayi mutane da yawa, maza a zaure, mata a azuzuwansu. Ba amsa ɗaya muka samu ba.

Babban abin shi ne tsawon jira. Ku duba yadda alluran yara su ke jere. Akwai ta ranar haihuwa. Akwai ta mako 6, da ta mako 10, da ta mako 14. Waɗannan kusa da juna su ke, mai jego tana tunawa, 'yan'uwa suna kewaye da ita. Daga nan sai a yi fiye da wata 5 kafin ta ƙyanda ta zo. A cikin watannin nan yaro ya yi ƙiba, ya fara zama, yana dariya. Uwa ta koma sana'arta. Wa zai ɗauki lafiyayyen yaro ya tafi asibiti? Sai a manta. Ta wata 15 kuwa ta fi shan mantuwa, domin a lokacin yaro yana tafiya da ƙafarsa, wata uwar ma ta sami wani cikin.

Ku ƙara da wannan. Yaron da aka haifa da kaka, a watan Oktoba, zai cika wata 9 a Yuli. Kowa yana gona, rafi ya kawo, hanya ta yanke. Wanda aka haifa da farkon damina, a watan Yuni, zai cika wata 9 a Maris, daidai lokacin da ƙyanda ke yawo. Jinkirin mako 2 a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne.

Sai maganar kati. Binciken 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ne a ke yi a asibiti a ƙasar nan, a karkara kuwa bai kai haka ba. Wadda ta haihu a gida, in ba a kai jaririn ba, ba ta da kati, ba wanda ya gaya mata ranar komowa. Wata kuma ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, can aka fara alluran, ta dawo ɗakinta ta bar katin a wurin tsohuwa. Wani yaron an kai shi yaye wurin kaka a wani gari. Wani katin gara ta ci, wani ruwan sama ya jiƙa shi. Ku sani, ɓatan kati ba ya hana allura. A je a faɗi gaskiya, za a ba da wani.

Akwai wani ruɗani kuma wanda ya kamata mu warware shi sosai. Shekara da shekaru ma'aikata suna bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin shan inna a baki, suna shafa musu shuni a ɗan yatsa, suna rubutu da alli a bango. Aikin ya yi amfani, domin a watan Agusta na 2020 aka yi shelar cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka. Amma ya sa mutane da yawa suna zaton rigakafi abu ne da ke zuwa har gida, kuma ɗigon nan ya gama kome. Wani dattijo ya ce mana, "Malam, ai jikokina sun sha rigakafi har sun gaji." Muka ce, "Baba, na baki ko na damtse?" Ya ce na baki. Muka ce, "To, Baba, wannan na shan inna ne. Ba ruwansa da ƙyanda." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ba wanda ya taɓa gaya masa. Gaskiyarsa ne. Ta ƙyanda allura ce a damtse. Lokaci lokaci a kan yi gangami a kafa tebur a ƙofar gidan Mai Unguwa ko a makaranta, kamar wanda aka fara a watan Oktoba na 2025. In an yi, ku kai yaranku, ko an taɓa yi musu. Amma ku tuna da labarin masu bindigar allura. Gangami ya kan zo ya wuce. Kada wanda ya cika wata 9 ya zauna jiransa.

Yanzu ga magana ga maza, domin ku ne kuka fi yawa a azuzuwanmu. A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izinin maigida, kuɗin acaɓa ma a aljihunsa ya ke. In ta ce, "Maigida, ranar allurar yaron nan ta yi," ya ce, "Bari sai na dawo kasuwa," ko ya tafi cin rani bai bar sallahu ba, to an rufe ƙofa ke nan, ko da bai ce a'a ba. Mun ga gidan da uwar ta san ranar sarai, amma mijin yana Legas, surukarta kuwa ta ce su a zamaninsu ba su san wannan ba. Maganin abin nan kalma ɗaya ce. Kafin ka yi tafiya, ka ce, "Inna, in ranar ta zo a kai shi," ka ajiye kuɗin mota. In kuwa kana gida, ba abin kunya ba ne ka goya su a babur ka kai su da kanka, ko da ɗan fari ne.

Ba duk laifin ke wuyan iyaye ba. Dole mu faɗi na wancan gefen. Allurar ƙyanda gari ce a cikin 'yar kwalba, sai an dama ta da ruwanta. Yawanci kwalba ɗaya ta yara 10 ce. In an dama, ba ta wuce awa 6, abin da ya rage sai a zubar. Saboda haka waɗansu ma'aikata su kan ji nauyin buɗe kwalba don yaro ɗaya ko biyu. Sai a ce wa uwa ta komo ranar kaza, sai yara sun taru. Mace ta taka kilomita da yawa da goyo a cikin rana, a ce mata ta koma. Sau nawa za ta dawo? Mu da kanmu mun taɓa raka wata 'yar'uwarmu wani ƙaramin asibiti, muka tarar firjin ya lalace, ba allura. Allurar kuwa sai da sanyi, zafi yana kashe ta. Wani wurin ma'aikaci ɗaya ne, in ya tafi taro sai a sa kwaɗo a ƙofa. Wani kuma ya daka wa uwa tsawa don ta makara, ita kuwa ta yi rantsuwa ba ta ƙara zuwa. Ƙa'idar aikin ba ta ce a kori yaro don shi kaɗai ne ba. Amma ku ma kuna da dabara. Ku tambayi ranar da a ke yin ta ƙyanda a asibitinku. Ku haɗa yaran unguwa waɗanda suka isa, ku tafi tare. In an yi ta maido ku, ku kai magana wurin Dagaci ko kwamitin lafiya na mazaɓarku.

Akwai kuma waɗanda hanya ce ba ta kai gare su ba: makiyaya a ruga, masunta a tsibiran Tafkin Chadi, da mutanen da rashin zaman lafiya ya kora daga garuruwansu. Inda aka cunkushe a sansani ga yunwa, nan ƙyanda ta fi yin kisa. In irin waɗannan baƙi sun sauka garinku, ku nuna musu asibiti tun ranar fari. Taimakonsu ne, tsaron 'ya'yanku ne kuma.

Sa'an nan akwai masu tsoro, ba kuwa za mu yi musu dariya ba. Tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani. Yara 200 ne a cikin gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musa laifi, aka yi ta shari'a, har a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wancan magani ne sabo da a ke gwadawa, ba allurar rigakafi ba ce, amma ya bar tabo a zukata. A 2003 kuma jita-jita ta tashi cewa maganin shan inna yana hana haihuwa, har aka dakatar da shi a Kano sai a 2004. Aka bincika, ba a sami gaskiyar zancen ba. Kafin nan cutar ta gurgunta yara da yawa, ta kuma tsallaka waɗansu ƙasashe. Allurar ƙyanda ta haura shekara 60 ana yin ta. Ana yi wa 'ya'yan Makka da Madina, ana yi wa na Masar da na Ingila. 'Yan matan da aka yi wa a shekarun baya, ga su nan sun zama iyaye da kakanni. Sarkin Musulmi da sarakunan Arewa sun daɗe suna kira a kai yara. Mai shakka ya tambayi limaminsa, ya tambayi malamin asibiti, ya haɗa amsoshin ya auna.

Wata uwa kuma ta ce an yi wa ɗanta allura ya yi zazzaɓi, saboda haka ba ta kai ƙanensa ba. Haka ne, ya kan faru. Wajen mako ɗaya ko kwana 10 bayan allurar, waɗansu yara kan yi ɗan zazzaɓi, wani har da 'yan ƙuraje kaɗan. Kwana 2 ya wuce. Jiki ne ke koyon faɗa. In zafin ya yi yawa ko ya daɗe, a koma asibiti, domin yana yiwuwa zazzaɓin cizon sauro ne ya faɗo daidai lokacin. Haka kuma 'yar mura ko ɗan zawo ba su hana a yi allura. A kai yaron, malamin asibiti ne zai duba ya faɗa.

KATI DA ƘIDAYAR WATA

To, ga inda karatunku ya shigo. Bincike bayan bincike ya nuna cewa 'ya'yan matan da suka yi karatu sun fi samun allura nesa da na waɗanda ba su yi ba. Ba don sun fi son 'ya'yansu ba ne. Sun iya duba kati ne, sun iya ƙidaya wata, ba su kuma jin tsoron tambaya.

Katin da Turanci a ke rubuta shi, amma kada wannan ya firgita ku. Lambobi iri ɗaya ne da waɗanda kuka koya. Ku nemi ranar haihuwa a sama. In kun ga 5/1/2025, watau ran 5 ga wata na 1, Janairu ke nan, shekara ta 2025. Sa'an nan ku nemi layin da aka rubuta wannan kalma: Measles. Ita ce ƙyanda da Turanci. Baƙinta na fari M ne. In kun ga kwanan wata a gabanta, an yi. In wurin fari fat ya ke, ba a yi ba. In kun rikice, ku ce wa malamin asibiti ya ɗora muku yatsa a kan layin. A ranar ta wata 9 a kan haɗa wa yaro da allurar shawara da ta sanƙarau, kun ga tafiya ɗaya ta biya bukata uku.

Ga yadda a ke ƙidaya. Ba a lissafa watan haihuwa. Wanda aka haifa a Janairu, sai a fara daga Fabrairu a ce ɗaya, Maris biyu, har a kai tara. Ina aka tsaya? Oktoba. A ƙara shida, a sami Afrilu na shekara mai zuwa. Ita ce ta wata 15.

Mun san da yawa cikinku da watan sama ku ke lissafi. Ba laifi. A ce an haifi yaro a farkon watan Azumi. Ƙaramar Salla ɗaya, Zulƙida biyu, Babbar Salla uku, Muharram huɗu, Safar biyar, watan Mauludi shida, Rabi'u Sani bakwai, Jimada Awwal takwas, Jimada Sani tara. Amma watan sama ya fi na Bature gajarta, asibiti kuwa da na Bature ya ke aiki. Don haka sai ku ƙara kwana 10 a kai. Ta biyun kuma za ta faɗo bayan wani Azumin ya zagayo, an kuma yi Babbar Salla an ci naman layya.

In kun ƙidaya kun tarar ranar ta wuce, ko da wata nawa ne, kada ku ce an makara. A kai yaron a wannan makon. Mai shekara 2 ko 3 wanda ba a taɓa yi masa ba, shi ma a kai shi a tambaya.

TAMBAYOYI

1. Kwana nawa yaro ke rarraba ƙyanda kafin ƙuraje su fito?
2. Mene ne bambancin abin da a ke ɗigawa a baki da allurar damtse?
3. An haifi yarinya a watan Mayu. A wane wata za a yi mata ta fari? A wane wata za a yi ta biyu?
4. A wani gari an haifi yara 60, an yi wa 35 allura. Saura nawa?
5. Wace rana ce a ke yin allurar ƙyanda a asibitin da ya fi kusa da ku? In ba ku sani ba, wa za ku tambaya?

AIKIN GIDA

Kowa ya rubuta sunayen yaran gidansu waɗanda ba su kai shekara 5 ba, ko wane suna a layinsa. A gaban sunan ya rubuta watan haihuwa. Wanda bai sani ba ya tambayi uwar yaron, ita ba ta mantawa. Ran aji na gaba kowa ya zo da katunan da ya samu, a naɗe cikin leda don kada su jiƙe. Malamin aji zai zauna da ku ɗaya bayan ɗaya a duba layin nan mai M. Sunan da aka tarar wurinsa fari ne, a ja masa layi a ƙasa, a tara su duka a takarda ɗaya a kai wa Mai Unguwa.